Yadda Muka Riƙe Malamar Asibiti

Asibitin ƙauyenmu ɗaki biyu ne da baranda, a bakin hanyar da ta taso daga Durun. A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a, tsuke bakin aljihun gwamnati ya riga ya share ɗakin magani tas. In za a yi maka allura, kai za ka sayo sirinji da ruwan allurar a kyamis, wani lokaci har da auduga. Abin da ya rage mana a asibitin nan shi ne malamar asibiti.

Nas ce, Bazazzagiya, aure ne ya kawo ta Gwarzo. Kullum da safe mijinta yake kawo ta a mashin. In ya sauke ta sai ya dafa dalbejiyar da ke gaban baranda ya yi ta tari har numfashinsa ya dawo, sannan ya juya. Da can a masaƙa yake aiki a Kano. Da aka rage ma'aikata ya dawo gida da ƙurar auduga a ƙirji, ko fartanya ba ya iya riƙewa ya kai ƙarshen kunya. Da shi, da tsohuwarsa, da 'ya'ya biyar, duk albashinta suke jira, shi kuwa albashin yakan yi wata biyu bai leƙo ba.

Ni rake nake nomawa a fadama, da damina in yi gero da dawa. Tun da akwai wasa tsakanin Kanawa da Zage-zagi, ba ma haɗuwa ba ta tsokane ni ba.

"Bakano, yau ma wannan raken mai lami ka kawo mana?"

"Malama, baiwa ba ta zaɓen abin da ubangidanta ya ba ta."

"Za ka zo hannu. Akwai wata allura da na ajiye, ta dawakai ce, sunanka na rubuta a jiki."

Kafin wannan shekarar matata ta haihu sau biyu, duka a gida, duka ba su zo da rai ba. Ni na ɗauke su a hannuna zuwa maƙabarta. Har yau in na ɗauki abu marar nauyi a nannaɗe cikin zane sai hannuwana su tuna. A haihuwa ta biyu jini ya ɓalle mata, muka shimfiɗa ta a bayan akori-kura zuwa Gwarzo, ina riƙe da kanta ina kiran sunanta tana amsawa daga nesa kamar wadda ke cikin rijiya. Allah ya yi da sauran kwana.

Da ta sami ciki na uku, malamar ta ce wannan karon a hannunta za a haihu. Duk Alhamis sai an je awo. Ta lissafa ta ce haihuwar za ta zo wajen yankan dawa. Ta ce da ni, "In naƙuda ta tashi, ko sallah ka tarar ina yi, ka tsaya a bayana. Ina sallamewa mu tafi." Tun da na ji wannan magana na fara samun barci.

Wata Alhamis, an gama awo, matata ta yi gaba da wasu mata, na tsaya zuba wa malamar ruwa tana wanke hannu a bakin baranda. Sai ta ce tana da albishir, amma bakin Kanawa ba ya riƙe magana. Na ce ta gwada ni. Ta ce ta sami gurbin kwas na shekara ɗaya a Kano, koyon aikin ɗakin tiyata. Shekara huɗu tana nema.

Na ce, "To ke da kika riga kika zama nas, me kuma za ki koya? Ba duk nas ɗaya ba ce?"

Ta yi dariya ta yarfe hannu. "Raken da ka sayar a bakin gona da wanda ya isa Kano, kuɗinsu ɗaya?"

Sannan ta warware mini. Ta ce nas ɗin da ke aiki a ƙauye ƙarƙashin ƙaramar hukuma ita ce a ƙasan tukunya. Ta asibitin jiha ta fi ta, ta asibitin tarayya ta fi su duka biyun, alhali makaranta ɗaya suka yi, wataƙila ma a benci ɗaya. In kuma mutum ya ƙara takarda a wani fanni, tiyata, ko ba da maganin barci, ko aikin ido, to shi ake nema, ba shi ke nema ba. Akwai asibitocin kamfanonin mai a kudu. Akwai Saudiyya, inda wata ƙawarta ta tafi, ta aiko wa iyayenta da abin da suka rufe gida da kwano.

"Ni ba Saudiyya nake hange ba," in ji ta. "So nake in sayi maganin ƙirjin mutumin nan ba tare da na rage tuwon yara ba. Likita ya rubuta masa wani, mun kasa. In na gama kwas ɗin nan na sami asibitin tarayya, zan iya."

Abu ɗaya ya rage, shugabanninta su ba ta takardar izinin tafiya. Na tambaye ta yaushe za a fara. Ta ce in an yanke gero.

Kowane manomi ya san abin da ke tsakanin yankan gero da yankan dawa. Haihuwar za ta zo ba ta nan ke nan, ta kuwa ga lissafin a fuskata.

"Na yi tunanin matarka," ta ce. "In wata ya kama, ka kai ta Gwarzo ta zauna wajen gwaggonta, kusa da babban asibiti. Zan haɗa ku da wata abokiyar aikina, ta fi ni hannu. Can ma ya fi nan, akwai likita, akwai jini in an buƙata."

Magana ce ta hankali, babu inda ta karkace. Na ce Allah ya sa alheri. Ta ce kada in gaya wa kowa sai takarda ta fito. Na ce in Allah ya yarda.

Kwana shida na riƙe. Ina cikin rake ina ɓare ganye sai in ga bayan akori-kuran nan. Abokiyar aikin da ta ambata ban san ta ba. Na san dai a asibitocin ƙauyukan da ke kewaye da mu duk maza ne, kuma a shekarun nan mutane sun ƙara tsanantawa, ba mai son namiji ya duba masa iyali. Na gaya wa kaina ba don matata kaɗai ba ne, don matan gari ne duka. Na yi ta maimaitawa har na kusa yarda.

A ƙasarmu akwai abin da ake yi in za a ɗauke ma'aikacin kirki. Dattawa su taru, a rubuta takarda, kowa ya dangwala yatsa, a tafi ofis da goro a roƙa a bar wa gari mutuminsa. Girmamawa ce babba. An taɓa yi wa wani hedimasta, har ya mutu yana ba da labarin. Rana ta bakwai bayan sallar asuba na bi dagaci zuwa zaurensa, na ce, "Ranka ya daɗe, za a ɗauke mana malamar asibiti."

Ban ce ita ta nema ba. Ban ambaci kwas ba, ban ambaci ƙirjin mijinta ba.

Dagaci tsoho ne mai tsoron Allah. Ya ce, "Ita me ta ce?"

Na ce, "Ai gara a kira ta a tambaye ta a gaban dattawa, kowa ya ji da kunnensa."

Wannan ita ce maganar da ta fi tsaya mini a wuya. Na san abin da nake yi. Na san babu 'yar mutunci da za ta durƙusa gaban sa'o'in ubanta ta ce tana son ta bar su saboda albashi.

Bayan la'asar aka kira ta. Mijinta ya riga ya zo ɗaukarta, sai suka zo tare. Ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa a gefen tabarma, hijabinta ya rufe fararen kayan aikin. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ya gida, ya yara, ya mai jiki, ya ruwa. Sannan dagaci ya gyara murya.

"'Yata, mun ji za a raba mu da ke. Wani laifi muka yi miki?"

"A'a, Baba."

"Ko ruwan garinmu ne bai karɓe ki ba? Mun san ku Zage-zagi da tsirfa."

Aka yi dariya. Ita ma ta yi, kanta a ƙasa.

Liman ya karɓa. Ya ce tun da ta zo, matan garin nan suka sami sutura. Ya ce ladan da take kwasa a ɗaki biyun nan, wani mai rawani bai same shi ba. Dattawa suka yi ta cewa haka ne, haka ne.

Dagaci ya ce, "To ko kin gaji da mu ne? Faɗi gaskiya, ba mai jin haushi."

Ta gyara hijabinta. Ina jin kukan awaki a bayan katanga. Can ta ce, "Wa zai gaji da iyayensa, Baba?"

"Kun ji ko!" in ji dagaci. "Ashe daga sama ne. To za mu je mu same su."

Mijinta ya ɗaga hannu zai yi magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai abin da yake..." sai tarin ya sarƙe shi. Ya yi ta yi, ya dafa ƙasa, aka miƙo masa ruwa a moɗa. Kafin ya dawo daidai liman ya riga ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, aka shafa fatiha. Bayan fatiha ba a ta da magana. Na ga bakin mijin yana motsi, sannan ya rufe.

Malamin firamare ya rubuta takardar. A lokacin ban san ko harafi ɗaya na boko ba, sai yanzu da furfura ta fito nake zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ban nemi a karanta mini ba. Bayan dagaci da liman, ni ne na uku da ya dangwala.

Muka cika mota guda muka tafi ofishin shugabanninta. Jami'in da ya karɓe mu ya ji daɗin ganinmu ƙwarai, ban gane dalili ba sai daga baya: da ma ba shi da wadda zai turo a madadinta, mun sauke masa kaya. Ya tambaya ko ita ta san da zuwanmu. Dagaci ya ce da bakinta ta ce ba ta gaji da mu ba. Jami'in ya karɓi goro ya ce, "Jama'a sun yi magana, wa ya isa?" Takardar izini ba ta fito ba. Aka yanke gero. Gurbin aka ba wata.

A gari kuwa dagaci bai ɓoye ba, ya yi ta yabona a bainar jama'a, wai ni na farkar da mutane. Don haka babu yadda za a yi a ce ba ta sani ba. Alhamis biyu na bar matata ta tafi awo ita kaɗai, na fake da aikin fadama. A ta uku ta dawo da saƙo: "Malama ta ce wai Bakanon nan ya mutu ne, ko raken ne ya ƙare?"

Na saro mafi kyau na kai. Ta karɓa, ta duba, ta ce wannan ma da tsutsa. Ta tambaye ni ya gona. Ta ce in riƙa saya wa matata hanta ranar kasuwa. Na tsaya ina jira ta faɗi abin da ya kamata ta faɗa, ko ta ɗaure fuska, ko ta kira ni da abin da na cancanta. Ta juya ta kira mai bi a layi. Matata ta ce hannunta a kan cikin bai canja ba ko kaɗan.

Naƙudar ta zo da hantsi, ranar da muka fara yankan dawa. Maƙwabciya ta aiko gona, na jefar da lauje na hau keke. Na tarar da malamar tana wanke wa wani tsoho gyambo. Ta ɗaure shi da sauri, ta ɗauki jakarta, wani mai mashin da ya kawo matarsa asibiti ya goya su tare, ni ina binsu a baya ina taka keke kamar zan karya shi.

Muna isa ƙofar gida muka ji kukan jariri.

Tsohuwar unguwarzoma ce ta karɓa. Ta ce ko tabarma ba ta gama shimfiɗawa ba. Babu jini, babu wahala, mabiyiya ta biyo nan take. Malamar ta shiga, ta yanke cibi da sabuwar reza, ta duba uwa ta duba 'ya, ta fito tana goge hannu.

"Mace ce," ta ce. "'Yar Kano sak. Ta ji ana rabon wani abu a waje, ba ta jira kowa ba."

Matan gida suka kwashe da dariya, aka rangaɗa guɗa. Na zauna a dakalin zaure. Na yi hamdala har na rasa adadi. Amma a ƙarƙashin murnar akwai wani abu da ya zauna ya ƙi motsi. Haihuwar da na tsare mace da gidanta saboda ita ta zo ta wuce ba ta nemi kowa ba.

Bayan suna na koma wajen dagaci. Wannan karon na faɗi duka, da kwas ɗin, da maganin, da yadda na tsara a tambaye ta gaban mutane. Na ce mu koma ofis mu roƙa a sake ta badi.

Ya ajiye carbinsa. Ya ce, "Ka san abin da kake faɗa? A ƙasar nan in gari ya tashi ya je ya ce a ɗauke ma'aikaci, me ake fahimta? Ko sata, ko lalata. Shi za a rubuta a fayil ɗinta, ya bi ta har ta bar aiki."

Na ce ai za mu yi bayani, karatu za ta tafi.

"Wa zai tsaya jin bayani? Kafin mu dawo gida labari ya kai Kabo cewa mun kore ta. Kuma jiya mu ce a riƙe, yau mu ce a saki, mu yara ne?" Ya juyar da kai. "Da ka faɗa mini gaskiya tun farko, da da kaina zan raka ta tasha. Tashi ka ba ni wuri."

Haka ne kuwa. Mun san yadda ake roƙon a bar mana mutum, kakanninmu sun koya mana. Ba wanda ya bar mana hanyar roƙon a sake shi cikin mutunci.

Na tafi ofishin ni kaɗai. Na zauna a benci tun safe har aka kira azahar. Da jami'in ya fito na bi shi har wajen alwala. Ya saurare ni yana wanke ƙafa, ya ce, "Malam, takardarku tana nan, da yatsunku. Kai kaɗai za ka kwance abin da gari ya ɗaure?" Shekara ta zagayo ta sake nema, aka ce jama'arta suna buƙatarta. A ta gaba aka daina ɗaukar nauyin masu kwas, mai so ya biya wa kansa.

A tsakanin nan mijinta ya daina kawo ta. An sayar da mashin ɗin. Motar haya take hawa ta sauka a mararraba, ta ƙarasa da ƙafa, da damina takalminta a hannu. In na hango ta daga gona sai in sunkuya cikin dawa har ta wuce.

Mijin nata ya rasu a damina ta uku. Muka je gaisuwa Gwarzo ni da matata, yarinyar tana tafe da ƙafarta. Na zauna a tabarmar maza a ƙofar gida. Ƙanin mamacin yana ba wani labari, ba ni yake gaya wa ba, cewa maganin da aka rubuta a Kano sau biyu aka saya aka tsaya, sauran sai jiƙe-jiƙe. Wani ya ce kwana ne ya ƙare. Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne, kuma na yarda haka ne, ba mai wuce ranarsa. Sai dai yarda da wannan ba ta taɓa sauke mini komai ba.

Matata ta daɗe a cikin gida. Da ta fito idonta ya yi ja. Muka kama hanyar tasha, tana gaba ina baya, sai da muka wuce masu gasa masara na tambaye ta me malamar ta ce.

"Ta ɗora yarinyar a cinya, ta ja fatar idonta ta duba, ta ce jininta ya yi ƙasa, a riƙa ba ta zogale da wake."

"Shi ke nan?"

"Na yi ta kuka na kasa dainawa. Ta ce in yi shiru, ba ni na yi ba."

Na tsaya. Matata ba ta tsaya ba. Ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Tun a lokacin na riga na aika wa gwaggo, ta share mini ɗakin da zan zauna in haihu. Da ka tambaye ni, Malam."

Ba mu sake ta da maganar ba har yau.

Da malamar ta fita takaba ta dawo aiki. A ɗaki biyun nan ta ƙarasa shekarunta har ta yi ritaya, a matakin da na same ta, sai ɗan abin da ake ƙara wa kowa. Ita ta karɓi haihuwar sauran 'ya'yana uku. Sau da yawa na shirya abin da zan ce mata, in tafi da shi a baki, in tarar da layin mata a baranda, in gaishe ta in dawo. Ranar da babu layi kuma sai in ga ai yau ba ta da walwala, gara wata rana.

Na ji an ce ta koma Zariya wajen babban ɗanta. Ban sani ba ko tana raye, kuma ina tsoron tambaya. Sau biyu na je tasha na shiga mota da niyyar in neme ta. Duka biyun na sauka kafin motar ta cika.